Ni da Gershon a Gaban Kwamiti

Masu karatu, wasunku sun dame ni da tambayar abin da ya hana ni ba Gershon amsa, har wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa yanga ce ke damuna. Na gode, 'yar uwa. Yangar tana nan, ban musa ba, amma a wannan karon citta ce ta shiga tsakaninmu.

Ga waɗanda yau suka fara tarar da ni, sunana Hephzibah. Ziba ake ce mini a gida, sai in Mama ta yi fushi ne take jan sunan har ƙarshensa. A Kafanchan muke, kuma in ka shigo layinmu ba sai ka yi tambaya ba, hancinka zai kawo ka ƙofar gidanmu. Mamata Roseline garin citta take yi. Tana sayen ɗanya daga manoman Kwoi da Fadan Kagoma, matan da ke mata aiki su wanke su tsaga, a shanya a kan tamfol a bayan gida, in ta bushe a niƙa a ɗura a leda mai hoton Mama tana murmushi da ɗankwalin zumuntar matan coci. Da garin nan aka yi mini makaranta har na gama karatun kimiyyar abinci. Babana Zamani kuwa, tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya zama ciyaman ɗin ƙungiyar ƙananan masu sarrafa citta, ƙungiyar da ke miting a falonmu, ta shanye mana shayi, ta tashi ba ta yanke komai ba.

Shi Gershon sakataren ƙungiyar manya ne, masu masana'anta da injuna, waɗanda ke fitar da citta ƙasashen waje. Dogo ne siriri, da gilashi, kuma karin gugar rigarsa kaɗai ya isa ya yanka albasa. Wata Lahadi bayan sujada ya tsayar da ni a bakin ƙofar coci, ya cire gilashin yana ta gogewa da gefen riga, ya ce yana so ya aure ni. Na ce ya ba ni lokaci in yi addu'a. Kun dai san irin wannan addu'ar. Rabinta ta gaske ce, rabinta kuma ina so ne in ga yadda zai yi.

Lokacin nan ba wanda ya kai shi fada a gidanmu. Mama "ɗana" take ce masa. In an yanka kaza, ƙundun da tun tasowata na Baba ne sai ya koma kwanon Gershon, Baba ya bi kwanon da kallo irin na mutumin da aka sauke daga mulki ba sanarwa.

Ana cikin haka sai Baba ya dawo daga wani taro a Kaduna fuska ba walwala. Ya ce ƙungiyar manya ta kai wa 'yan majalisa shawarar doka: duk cittar da za a ɗura a leda a sayar, dole da inji za a busar da ita, kuma ba za a ƙara sarrafa ta a gidan da mutane ke kwana ba. Injin da suke magana, ko mun sayar da gidanmu har da kajin ciki ba za mu saye shi ba. Mama ta tambayi wane marar tsoron Allah ne ya zauna ya rubuta wannan abu. Baba ya sha ruwa, ya ajiye kofi a hankali, ya dube ni, sannan ya ce mai cin ƙundu ne.

Kafin rana ta faɗi Gershon ya sauka daga "ɗana" zuwa "wannan yaron". Washegari ya zama "mai gilashi".

Anti Edna, yayar Mama mai sayar da hatsi a kasuwar Kauru, ta ji labari ta hau motar farko. Mace ce da ba ta taɓa ganin matsalar da ba a cinikinta ba. Ta same ni a kicin ina yanka alayyahu, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa yadda ba ni da hanyar fita. Ta ce Ubangiji ne ya riƙe mini baki ban amsa wa yaron ba tukuna, domin yanzu amsar nan ita ce jarin gidanmu.

"Ki riƙe ta gam," ta ce. "Ki gaya masa, ya cire maganar inji, ki ce i. Bai cire ba, ya je ya auri injin."

Na ce Anti, aure ne fa, ba buhun masara ba. Ta ce ai buhun masara ya fi sauƙi, shi in ka ga ƙwari kana iya mayarwa. Mama tana gefe tana tankaɗe, yadda take bugun rariyar kaɗai ya nuna mini inda ta tsaya. Da na dubi hannuwanta, waɗanda citta ta rina har farce, sai dariyar da ke bakina ta koma. Matan da ke tsaga mata citta, yawancinsu gwauraye ne, da wannan aikin suke ciyar da yara.

Da la'asar na shiga ɗaki na rubuta wa Gershon saƙo: "Ashe kai ne."

Ya amso nan take: "Ni ne. Na so in gaya miki da bakina, na rasa ta inda zan fara."

Ya yi ta rubutu, dogo-dogo kamar wa'azin Ista. Ya ce an sha dawo musu da kaya daga waje saboda yashi da fumfuna, kuma bayan shekarar da cuta ta cinye gonaki, in sunan cittar yankinmu ya ƙara ɓaci, babba da ƙarami duk za su sha wuya. Na so in musa. Amma da safen nan ni da kaina na kori akuyar maƙwabta daga kan tamfol, kuma a makaranta an koya mini abin da fumfuna ke yi wa hantar mutum. Sai na tambaye shi abu ɗaya: in dokar ta wuce, su Mama suka rufe, wa manoma za su sayar wa ɗanyar cittar da su Mama suka saba saye, kuma wa zai yanka farashi? Na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. A ƙarshe abin da ya iso shi ne: "Kin ci abinci?"

Na ce masa na ƙoshi da doka.

Ya kira ni. Ina jin muryarsa na san bai ji daɗin kansa ba, amma mutumin nan in aka taɓo aikinsa sai ya manta ana fushi da shi. Ya ce ba a zauren majalisa ake haifar doka ba. 'Yan majalisa abubuwa sun yi musu yawa, ba su san bambancin cittar da aka tsaga da wadda aka kankare ba, don haka wanda ya zo musu da magana a rubuce, ya nuna musu hoto, ya ɗauke su ya kai su su gani da ido, ya yi ta komawa har sakatarorinsu su san sunansa, muryarsa ce za ta zauna a takarda. Kamun ƙafa ke nan, kuma ba laifi ba ne, kowa na da izinin yi. Ya ce su sun yi wata da watanni suna zirga-zirga.

"Ku kuma fa?" ya ce. "Kuna falo kuna shan shayi."

Ya gaya mini kwamitin zai zo Kafanchan jin ra'ayin jama'a, kuma duk ƙungiyar da ta nemi a ba ta dama za a ba ta. Ban sani ba ko subutar baki ce ko da gangan ya faɗa. Har yau ban tambaye shi ba.

Na kai wa Baba maganar shayin ba tare da na rage mata gishiri ba. Ya ji haushi sosai, kuma haushin ya yi amfani. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar falonmu ta tashi tsaye. Baba ya nemo mana dama a gaban kwamiti, ya je gidan rediyo ya yi magana har mai shirin ya rasa ta inda zai katse shi. Mama ta bi shugabannin zumuntar mata coci-coci. Anti Edna ta ɗauki nauyin motocin da za su kwaso mata daga ƙauyuka, ta yi wa direbobi ciniki har ɗaya ya roƙe ta ta bar shi ya je gida. Da aka zo maganar wanda zai tsaya ya yi bayani, falon gaba ɗaya ya juyo ya dube ni. Baba ya ce ai ba don ado aka kai ni jami'a ba.

Ranar taron na sa doguwar riga ta atamfa mai ruwan ƙasa da ɗigon zinariya, na ɗora farar kot a kai don in yi kama da wadda ta san abin da take faɗa. Takalmin mai tsini ne, na ƙanwar ƙawata, ya matse ni tun daga ƙofar gida. Gershon ya turo saƙo: "Ubangiji ya ba mai gaskiya sa'a." Na mayar masa: "Amin, na gode da addu'ar da ka yi mini."

Da safe an fara kai 'yan kwamitin masana'antar Ciyaman Kumai, shugaban ƙungiyar manya, wanda kuma ƙanin marigayi baban Gershon ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. An sa musu fararen riguna da huluna, an zagaya da su cikin injuna masu ƙyalli, an yi hotuna, an ci abinci. Da suka iso zauren taron sai suka tarar da mata cike da harabar, kowacce da atamfar zumunta, ana kaɗa tulu da caki ana waƙar yabo. Shugabar kwamitin, wata Honarabul mai jiki da fara'a, ta tsaya ta ɗan taka kafin ta shiga. Na ga Ciyaman Kumai ya gyara zaman hularsa.

Gershon ya fara magana. Ba zan ɓoye muku ba, ya iya. Ina zaune ina jin haushinsa, ina kuma jin wani abu kamar alfahari, har na daki cinyata don in tuna ɓangaren da nake. Sai ya ce a kashe fitila, ya fara haska hotuna a bango don a ga yadda ake shanya a gidaje. Hoto na farko gefen titi ne. Na biyu kan dutse. Na uku kuwa shuɗin tamfol ne mai faci a kusurwa, citta shimfiɗe a kai, ga wani jan zakara a tsakiya ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar shi ya sayi kayan.

Cikin duhun nan muryar Mama ta tashi, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Wancan ai zakarana ne."

Zauren ya fashe da dariya, har da Honarabul. Ni ban yi ba. Na tuna ranar da ya zauna a bayan gidanmu yana jiran in gama wanka, yana wasa da waya, Mama tana soya masa doya. Da aka kunna fitila na nemi idonsa, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Mama ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, kuma a duk rayuwata ban taɓa ganin ta ji kunya a gaban mutane ba sai ranar.

Da aka kira sunana, duk bayanin da na haddace ya gudu. Na tsaya, takalmi na cizona, na ce wa kwamiti gaskiya ne, zakaranmu ne, tamfol ɗinmu ne, kuma wadda ta yi magana uwata ce, da wannan tamfol ta kai ni jami'a. Na ce ba mu zo kare ƙazanta ba. Mu ma ba ma so a dawo da cittar yankinmu. Amma akwai gadon shanya da ake ɗagawa sama da ƙasa, a sa raga, a rufe da leda mai haske, kaza ba ta hawa, ƙasa ba ta taɓawa, kuma kafinta na unguwa zai iya haɗa shi. Na roƙi a rubuta a doka cewa citta ta bushe da tsabta, a auna a gani, kada a rubuta sunan inji. Na roƙi a ba ƙanana lokaci su gyara, a kuma bar su su haɗa kai su yi wurin aiki ɗaya a unguwa. 

Honarabul ta juya wajen Gershon. Ta ce tunda shi ne masanin ƙungiyarsu, ya gaya mata tsakaninsa da Allah: gadon da yarinyar nan ta faɗa, in an yi shi daidai, cittar za ta wuce gwaji ko ba za ta wuce ba?

Ciyaman Kumai ya yi gyaran murya, irin wadda ba ta maƙogwaro ba ce. Gershon ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya dubi ƙanin babansa, sannan ya dubi Mama.

"Za ta wuce, ranki ya daɗe," ya ce. "Tsabta ake nema. Inji hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyi."

Kwamitin ya ce ba zai miƙa shawarar yadda take ba, zai koma ya sake duba maganar inji da ta lokaci, kuma ƙungiyoyin biyu su aiko da wakilai. Ba a ce mun ci ba, amma matan da ke waje ba su jira fassara ba, tulu ya ɗauka. A wajen ajiye motoci na hango Ciyaman Kumai yana magana da Gershon, yatsa a sama. Kafin mu isa gida labari ya riga mu: ya sallame shi daga aiki, ya ce kuma kada ya ƙara taka masa gida.

Za ku ce yanzu gidanmu zai buɗe masa hannu biyu. Ba ku san Anti Edna ba. Tana kwance ɗankwali ta ce yaron ya yi abin kirki, Ubangiji ya sa masa albarka, amma in ƙara riƙe amsar tukuna, don ba a ba mutum mata ranar da ya rasa albashi. Na ce Anti, jiya laifinsa aikinsa, yau laifinsa rashin aikin. Ta ce haka kasuwa take, farashin safe daban, na yamma daban. Mama ta miƙe. Ta fita bayan gida da wuƙa, kuma daga ranar jan zakara bai ƙara cara ba.

Washegari da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira ni. Ciyaman Kumai ne da kansa, murya a sanyaye kamar ba shi ne mai yatsan jiya ba. Ya ce 'yata, kin yi magana mai ma'ana, irinki ƙungiya ke nema. Kujerar sakatare ba kowa a kanta, in zo ofishinsa ranar Litinin mu tattauna. Na ce zan yi addu'a a kai. Da alama addu'o'ina sun fara yawa.

Da rana Gershon ya iso a bayan mashin, riƙe da katako da naɗin raga, rigarsa duk ta yamutse. Bai nemi ni ba. Ya wuce wurin Mama a bayan gida, ya durƙusa har ƙasa, ya ce ta gafarta masa maganar hoton, ya ɗauka ne yana ganin ba wanda zai gane, kuma ko ba a gane ba bai kyauta ba, tunda a gidan ya ci ya sha. Mama ta bar shi a durƙushe har ta gama juya cittar da ke gabanta. Sannan ta ce wanda ya ɗauki hoton ya ɓata mata rai, wanda ya yi magana a gaban Honarabul kuma ya wanke ta, ita ba ta san yadda za ta raba su ba tunda riga ɗaya suke sawa. Ta ce ya tashi, katakon ba zai haɗa kansa ba.

Na riƙe masa ƙusa yana bugawa. Bai iya ba ko kaɗan, sau biyu yana samun yatsansa, amma bai daina ba. Na gaya masa maganar kiran. Ya ajiye guduma ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce halin Baba Kumai ke nan, bakin da ya dame shi a waje, ɗauko shi yake ya ajiye a cikin gida, ya ba shi kujera mai juyawa. Bai ce in karɓa ba, bai ce in ƙi ba.

Na dube shi zaune a ƙasa, ba aiki, ba guga, yatsa a baki, sai na ji addu'ar ta ƙare.

"Gershon," na ce, "ka turo mutanenku."

Ya ɗago a hankali. Farin cikin ya hau fuskarsa, ya ɗan zauna, sai kuma wani tunani ya zo ya same shi. Ya ce Ziba, ni ai mutanena mutum ɗaya ne. Babansa ya rasu, kuma a al'adarsu ba wanda zai shige gaba a zo gaisuwa gidan yarinya in ba Baba Kumai ba. Shi kuwa a yanzu ko sallamarsa ba zai amsa ba. Ya sosa ƙeya ya ce amma ni, tunda an gayyace ni Litinin, zai saurare ni.

Na ce, "Wato ni zan je in roƙa a zo neman aurena?"

Ya ce in abin ya yi mini nauyi in kira shi kamun ƙafa.

Ashe Mama tana tagar kicin tun ɗazu. Ta leƙo da ludayi a hannu ta ce zan je, kuma kada in sha ko ruwa a ofishin mutumin nan sai ya faɗi ranar da zai zo. Maganar aiki kuwa, in gode masa da ladabi in ce a'a, 'yar Roseline ba ta zama sakatariyar masu son rufe mata tukunya.

Na ce to, Mama.

Amma ku zan gaya wa abin da ban gaya wa kowa a gidan nan ba. Wakilan da za su koma Kaduna a sake rubuta dokar, sakataren ƙungiyar manya ne zai riƙe musu biro. Na riga na ga abin da biron nan ke iya yi wa mata irin Mama in yana hannun da bai san su ba. Kujerar nan, jama'a, raina yana so.